Habu a Kwalba, Abubakar a Takarda

Tun da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. A ajinmu na yaƙi da jahilci, kafin malami ya shigo, sai wani ya juyo ya ce, "Malam Sale, wai da gaske jinin mutum ka ɗauka a kular abinci?" A ƙofar masallaci haka, a kasuwa haka. Kowa ya ji guntun labari sai ya tafi ya ƙara masa nasa. Har na ji an ce wai an kulle ni a Wudil. Ba a kulle ni ba. Shi ya sa na zauna na rubuta abin tun daga farko, yadda ya faru.

Habu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, na girme shi da shekara goma sha biyu. Magini ne, kuma duk Farin Dutse an san ƙarfinsa. Ya yi kwanaki yana kukan ciwon kai, muna cewa rana ce. Wata safiya yana alwala sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Muka kai shi Gwaram, aka ce mu wuce Birnin Kudu.

A asibitin da aka kwantar da shi aka ɗauki hoton kansa. Likita ya kira ni da Innarmu ya ce jini ne ya daskare a wata jijiya cikin kan, ya toshe hanya. Abin da ya ɗaure masa kai, Habu ba shi da hawan jini, ba shi da ciwon suga, ga shi da sauran ƙuruciya. Ya tambaya ko a gidanmu an taɓa yin mai irin wannan. Inna ta ce a'a. Ni na tuna ƙanwarmu Hajara, wadda ƙafarta ta kumbura bayan haihuwa, kwana tara numfashi ya sarƙe mata ta rasu. Na ce mahaifinmu ma yakan yi kumburin ƙafa ɗaya. Likita ya ajiye biro ya dube ni.

Ya ce, "Baba, ɗan'uwanka magini ne, bari in yi maka misali da aikinsa. Siminti dole ya sandare, in ba haka ba gini ba zai tsaya ba. Amma in ya sandare tun yana cikin baro fa?"

Na ce, "An yi asara."

Ya ce, "To haka jini yake. Yana da abin da ke sa shi daskarewa, don in ka yanke kada ka tsiyaye. Yana kuma da abubuwan da ke tsayar da daskarewar, kada ta wuce wurin da ake so. Furotin muke ce musu." Ya rubuta haruffa biyu a takarda, C da S. Na gane su, na biyun ma da shi sunana yake farawa. Ya ce akwai gidajen da ake haifar mutanensu da ƙarancin ɗaya daga ciki, kuma yana zargin gidanmu.

Na tambaye shi amfanin sanin, tunda abin ya riga ya faru. Ya ce amfanin babba ne. In Habu yana da ƙarancin, mai yiwuwa ya sha maganin tsinka jini iya rayuwarsa, don kada abin ya dawo. In ba shi da shi, bayan wasu watanni a tsayar, domin maganin ma yana da haɗarinsa, yakan sa zubar jini. Sai dai gwajin a Kano ake yi, Habu kuma ba ya ɗaukuwa. Sannan da zarar ya fara shan ƙwayar maganin, gwajin ba zai ƙara faɗar gaskiya ba.

"Yau za mu ɗibi jinin, yau za mu fara magani, ba zan jira ba," in ji shi. "Wanda muka ɗiba ɗin nan shi kaɗai ke gare mu. A kai shi da sanyinsa."

Da muka fito Inna ta ce, "Ni tunda nake, kaurin jini ake nema wa marar lafiya. Yau kuma tsinka shi za a yi?" Sannan ta juyo ta ce, "Kai ne mai karatu a cikinmu, Sale. Kai za ka je."

Ranar Juma'a da safe aka miƙo mini kular matata, wadda muke kawo wa Habu abinci a ciki. An cika ta da ƙanƙara, an naɗe murfin da filasta. Aka ba ni takarda mai hatimi, da kwatancen wurin gwajin, da lambar wayar likita a bayanta. Mutumin da ya ba ni ya ce, "Kada ka buɗe, kada ka ajiye a rana, kada ka tsaya ko'ina."

Na isa tasha da wuri, amma mota ba ta cika ba sai da rana ta ɗaga. Na sami gefen da babu rana, na ɗora kular a cinya na rufe ta da babbar rigata. Kusa da ni wani Alhaji ne, dillalin shanu, zai je kasuwar Wudil. Mutum ne mai barkwanci. Tun kafin mu bar gari ya fara tsokanata, wai na rungume kula kamar amarya ce ta yi mini girkin farko.

Wajen Kwanar Huguma, inda ake barin ƙasar Jigawa a shiga ta Kano, muka tarar da shinge. Wani mai kaki ya leƙo ta taga yana duban fasinja ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ya tsaya a kan rigata da ta yi tudu.

"Baba, me ka ɓoye?"

"Kula ce, ranka ya daɗe."

"Me ke ciki?"

"Jini ne."

Matar da ke bayana ta ja ɗanta jikinta tana salati. Alhaji ya dafe kai ya ce, "Haba Malam! Duk duniya ka rasa abin faɗa? Ka ce fura mana!"

Aka sauko da ni. Na miƙa takarda, na yi bayani, na roƙi kada a buɗe. Mai kakin ya ce a zamanin nan ba zai bar mutum ya wuce da jini a kula ba sai ya gani da idonsa. Ban ga laifinsa sosai ba. Ya yage filastar, ya tona ƙanƙara, ya zaro 'yan kwalabe biyu na roba, kowace kamar ɗan yatsa. Ni kaina na yi mamaki, don abin da ke ciki ba ja ba ne. Rawaya ne, daskararre, kamar man shanu a lokacin sanyi. Sai daga baya na ji cewa juya jinin ake yi a inji, jan ya kwanta a ƙasa, ruwan saman shi ake gwadawa.

"Wannan ne jinin?" Ya ɗaga kwalbar sama yana hangen ta a rana. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya jujjuya ta a tafin hannu. Kular tana ƙasa a buɗe, a kan kwalta mai zafi. Na ce, "Don Allah ku rufe, narkewa take yi." Sai da suka karanta takardar sau biyu, suka ga hatimi, sannan suka ce in tafi, Allah ya ba shi lafiya.

Da muka tashi Alhaji ya ce, "Yau dai na ga farin jini da idona. Ashe a kwalba yake! Da na sani tun ina saurayi na aika a sayo mini." Aka yi dariya, har matar nan ta saki ɗanta. Ni ma na murmusa, amma ina jin ruwa yana motsi a cikin kular duk lokacin da mota ta faɗa rami.

Ni ban yi tunanin Juma'a ce ranar kasuwar Wudil ba. Tun kafin gada motoci suka tsaya cik. Manyan motocin shanu sun cika hanya, ga masu jan awaki, ga 'yan talla suna bi tsakanin motoci. Direba ya kashe mota ya fita ya zauna a inuwa. Mun fi awa ɗaya ba mu gusa ba. Alhaji, wanda nan ne wurin saukarsa, bai tafi ba. Ya ce, "Taso mu nemo maka ƙanƙara, na san mai zoɓo a nan." Allah ya saka masa da alheri, ya bar cinikinsa ya shiga gaba ina bin sa. Matar ta fasa mana ƙatuwar ƙanƙara da taɓarya.

Na tsuguna a rumfarta na buɗe kular don in zubar da ruwan. Kwalaben suna nan da sauran ƙarfinsu, sai gefe-gefe da ya fara saki. Amma filastar da aka manna wa kowace aka yi rubutu a kai ta jiƙe. Ɗaya ta ɓare tana yawo a ruwa, ɗayar kuma tawadar ta bazu, ba ka ganin komai sai shuɗi.

Na ce a raina, in na kai su haka ba suna, wa zai san na wane ne? Akwai kemis a gefen rumfar. Na karɓo sabuwar filasta, na goge kwalaben da bakin riga, na ciro biron da nake zuwa aji da shi. Na natsu na rubuta HABU a kan kowace, da manyan baƙi, ba gyara ko ɗaya. Alhaji yana tsaye a kaina ya ce, "Kai, Malam, ashe hannunka ya faɗa haka! Ko na likitan bai kai wannan kyau ba." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin maganar. Tsofaffin filastocin na yar da su nan cikin kwata.

Mun shiga Kano ana kiran sallar Juma'a. Na hau adaidaita sahu, ba mu yi nisa ba muka tarar an shimfiɗa tabarmi a kan titi, an rufe hanya. Na sauka na bi sahu, kular tana gabana inda zan ɗora goshi. Wanda ke kusa da ni ya yi ta hararta. A garinmu in baƙo ya yi salla kusa da kai, kana sallamewa za ka ba shi hannu ka tambaye shi daga ina. Nan ana sallamewa kowa ya suri takalminsa.

Wurin gwajin bene ne mai ƙofar gilashi, cikinsa sanyi kamar randa. A bakin teburi akwai wata mata 'yar Kudu, ana ce mata Madam, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ta sa safar hannu, ta ciro kwalaben, ta dubi takarda, ta sake duban kwalaben.

"Baba, takarda ta ce Abubakar Musa. Kwalba ta ce Habu. Mutum biyu ne."

"Mutum ɗaya ne, Madam. Ƙanena ne. Ai Habu shi ne Abubakar."

"Yaya Habu zai zama Abubakar?"

"Haka muke yi. Duk Abubakar Habu ne. Wani a ce masa Garba, wani a ce masa Buba."

Ta ce, "To yanzu sun zama huɗu."

Wani mai jiran sakamako ya sa baki ya ce gaskiya na faɗa, shi kansa Garba ne. Madam ta ce ta ji, amma ina lambar? Kowace kwalba tana zuwa da lamba irin ta jikin takarda. Kuma wannan ba rubutun asibiti ba ne, wa ya rubuta? Na ce ni ne. Na ba ta labarin Wudil. Ta girgiza kai. Ta ce ko da tsohuwar filastar na kawo a hannu, da tawadarta a baje, da ta sami abin kamawa. Yanzu ba ta da ikon karɓa sai Oga, shugabansu, ya zo, shi kuma daga masallaci ya wuce jana'iza.

Na ce ta saka mini su a firiza kafin ya zo. Ta ce abin da ba a shigar a littafi ba ba ya shiga firizarsu, don in jinin wani ya rikice da na wani ana iya kashe mutum da magani. Ta kira lambar likita sau uku, wayar a kashe. Ashe yana ɗakin tiyata. Na zauna a kan kujerar roba ina duban ƙofa har suka fara kashe fitilu. Oga bai zo ba. Madam ta ce in dawo gobe da safe. Ta ce mini sannu, kuma na ga da gaske take.

Na kwana wurin Ɗanlami, ɗan garinmu da ke sayar da rake a can. Su biyar ne a ɗaki ɗaya, a wani gida mai ɗakuna barkatai, kowa da kwaɗonsa a ƙofa. Ruwan alwala ma saya ake yi wurin 'yan garuwa. Da magariba ya kai ni teburin mai shayi, na ga magidanta masu gemu sun yi layi ana dafa musu taliyar yara da ƙwai, wai shi ne tuwon darensu. Na ci gurasa kaɗan, ba ta wuce mini ba.

Unguwar ta kwana uku ba wuta. Mun zaga neman ƙanƙara, duk masu sayarwa sun ce ta ƙare tun la'asar. Akwai gida ɗaya mai janareta, Ɗanlami ya yi sallama ya roƙi a ajiye mana a firij. Matar gidan ta yarda, har ta miƙo hannu, sai ta tambayi mene ne. Ɗanlami ya taka mini ƙafa, amma na riga na faɗa. Ta maida ƙofa ta rufe. Na so in ce a Farin Dutse ba za a yi mini haka ba. Da na yi tunani sai na ga in baƙo ya zo wa matata da wannan, ita ma rufewa za ta yi. Muka jiƙa buhu muka naɗe kular, muka ajiye a bakin taga.

Da asuba na buɗe. Kwalaben suna yawo a ruwa mai ɗumi, abin cikinsu yana gudu kamar ruwan shayi.

Da safe na koma wurin gwajin, na tarar da Oga, dattijo ne Bakano, mai magana a hankali. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya ɗauki kwalba ɗaya ya karkata ta.

Ya ce, "Malam Sale, da ina nan jiya, da na nemi asibitin ta wata hanya mun daidaita sunan, tunda an ce da sauran ƙanƙara a jikinta. Amma kada ka riƙe yarinyar nan a zuciya, aikinta ta yi. Wannan kuwa ya mutu. In na gwada zai nuna ƙaranci ko da babu ƙaranci, a ɗora wa ɗan'uwanka magani iya rayuwarsa a kan ƙarya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na kashe shi ke nan da hannuna."

Ya tambaye ni ko ni da marar lafiyar ciki ɗaya muka fito. Na ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tambaya ko ina shan wani magani, na ce ko na ciwon kai ba na sha. Ya kira likita, wannan karon aka ɗauka, suka daɗe suna magana da Turanci. Da ya ajiye wayar ya ce, "Abin nan gado ne. In aka same shi a jikinka, ya ƙarfafa zargin likita a kan ƙanenka. In ba a samu ba, ba mu san komai ba, muna nan inda muke. Amma ka sani, abin da za ka ji game da kanka ba ya gogewa. Ka yarda?"

Na naɗe hannun riga. Madam ce ta ɗiba. Na ce a ba ni kwalaben Habu in kai gida in binne, don mu ba ma jefa jinin mutum a shara. Oga ya ce ƙonawa suke yi, doka ce. Na fito da kula ba komai a ciki.

Dawowa ba wanda ya tsayar da mu. Na iso Birnin Kudu bayan la'asar. Inna tana zaune a barandar asibiti, ta ce, "An karɓa?" Na ce, "An karɓi jini, Inna." Ta ce alhamdu lillahi. Sai bayan kwana biyu na iya gaya mata na wa aka karɓa. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Da ka bar musu abinsu yadda suka rubuta."

Sakamako ya zo bayan an sallami Habu, ranar da muka maida shi a duba shi. Yana kan keken marasa lafiya, hannun dama a kwance a cinya, magana ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu. Likita ya juyo mini da takardar, ya nuna layin da ke da harafin S. Nawa ya gaza yadda ya kamata. Ya ce za a sake gwadawa nan gaba don a tabbatar, kuma wannan bai zama hujja a kan Habu ba, amma tare da labarin Hajara ba zai yi gangancin tsayar masa da magani ba. Ranar da za a tsayar, ya ce, bai san ta ba.

Na ce, "Ni fa, likita?"

Ya ce da yawa masu irin wannan suna tsufa ba abin da ya same su, ba zai ba ni magani yanzu ba. Amma in za a yi mini tiyata ko ciwo ya kwantar da ni, in faɗa. 'Ya'yana mata kuma, in sun sami ciki, a gaya wa asibiti tun da wuri. Sannan ya tsuguna ya kama sha-raɓata ya matsa, ya ce in na ga ƙafa ɗaya ta kumbura, tana zafi a nan, ko ciwon kai ya ƙi tafiya, kada in jira gari ya waye.

Habu yana kallonmu. Na ɗauka bai bi maganar ba.

Yanzu wata na uku ke nan. Yana taka ƙafa da sanda, hannun dai bai dawo ba, kuma har yau ba wanda ya san tabbas abin da ke cikin jininsa. Ni na sani, kuma shi ma ya sani, cewa da jininsa ya isa lafiya, da an sani. Bai taɓa nuna mini a fuska ba. Kullum da safe kafin in tafi gona nakan shiga in gaishe shi. In na tashi zan fita sai ya riƙe mini riga, ya ce, "Yaya." Sai in tsaya. Ya sunkuya da ƙyar, ya sa hannun hagu ya matsa sha-raɓata ta dama, ya matsa ta hagu, yana duban fuskata ko zan yamutsa. In ya ga ban yamutsa ba, sai ya sake ni in tafi.